Kiran Auta: Ranar Ganin Gida

Shafi na 27

Masu turo min saƙo wai Auta ta cika taurin kai, me zai hana ta yi aure kamar kowa, na gani kuma na karanta. Ku da kuka yi auren kamar kowa, ga shi har kun samu lokacin zagin 'yar mutane a waya. Ku gyara zama.

*

Ba a gama sharar tsakar gida ba Gwaggo ta iso, ta kafa ɗauri kamar mai zuwa biki. Ƙanwar marigayi Baba ce, kuma rabonta da gidan tun ranar da aka kwashe kujerun zaman makoki. Da ta ji Sista za ta zo ganin gida yau, sai ga ta da sassafe, wai ta zo ceton 'yar ɗan'uwanta.

Haka sistocin suke yi. Ba sa karɓar yarinya sai sun aiko ɗaya daga cikinsu ta zauna da iyayenta, ta ga inda ta tashi, ta sha ruwan gidan. Abin da ta koma ta faɗa shi ne hukunci. Auta ta yi shekaru tana kai da komo a gidansu, ta yi addu'a, ta yi kuka, ta fasa, ta sake dawowa. Yanzu shekarunta sun kai bakin abin da suke karɓa. In bana ta wuce ta, ta wuce ke nan.

Tana goge kofuna ta ji muryar Mama daga ɗaki.

"Auta!"

Ta shiga ta tura ƙofa.

"Wane zani kika ba ni?"

"Shuɗin nan mai ganye, Mama."

"Ɗankwalin ya zauna?"

"Ya ɗan karkace ta hagu. Tsaya in gyara."

Mama ta tsaya ƙiƙam, ta ɗaga haɓa.

"Ita matar taku, ina za ta zauna?"

"Kujerar kusa da ƙofa, daidai gabanki. Gwaggo tana hagunki. Kofinki zan sa shi a dama, bakin tebur."

"Ita waccan mai bakin ba ta gane komai ba ko?"

"Ba ta gane ba."

"Ina za ta gane. Wadda ba ta ganin komai sai tukunyar mutane."

Idon Mama ya tafi ne a hankali. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. In ka kalle ta idanu tar a buɗe, amma abin da ya rage mata haske ne da duhu. Ta sa Auta ta yi mata alkawari ba mai ji, ko Fada. A shagon ɗinki Mama ce a gaba, tana shafa yadi tana faɗin kuɗinsa da asalinsa, tana yi wa masu kawo ɗinki tsawa. Awo da yanka da ɗinki duk Auta ce a ciki. A coci kuwa ta buɗe littafin addu'a ta riƙe, tana zubo shi da ka, mata na cewa kai, shugabarmu akwai karatu.

Ita ce fa duk Lahadi take tashi gaban matan coci tana roƙon Allah ya kira 'yan mata su zama sistoci. Ashe 'ya'yan wasu take nufi.

"Mama, don Allah yau kar ki ci mata mutunci."

"Ni da gidana?"

"Baƙuwa ce."

"Ɓarauniya dai mai lulluɓi. Riƙe min hannu zuwa bakin ƙofa, daga nan ki sake ni."

*

Hantsi ya ɗaga Sista ta yi sallama. 'Yar ƙaramar dattijuwa ce, riga ruwan toka, lulluɓi ruwan toka, da wata jaka da ta ga duniya. Gwaggo ta yi mata kallon sama da ƙasa ta taɓe baki.

"Sannunku da gida. Mama, mun same ku lafiya?"

Mama ta miƙa hannu wajen muryar. Da suka gaisa ba ta saki ba, ta murza bakin hannun rigar tsakanin yatsu biyu.

"Wa yake muku ɗinki?"

"Mu muke yi da kanmu."

"Ai ga alama. Buhu ma ya fi wannan laushi."

"Yana daɗewa kuwa, Mama."

"Haka buhu ma. Zauna."

Sista ta zauna a kujerar kusa da ƙofa, ko a jikinta, wai an tsikari kakkausa. Auta ta zuba shayi.

"Na ɗauka babbar taku da kanta za ta zo," in ji Mama. "Ko gidan mai ɗinki bai kai ba?"

"Ni ce mai kula da masu neman shiga. Ko gidan wa ne, ni ake aikowa."

Gwaggo ta kurɓi shayi ta gyara murya.

"Sista, tambaya gare ni, kar ki ji haushi."

"Ina ji."

"Tsakani da Allah, ke ma rasa mashinshini kika yi ko?"

"Gwaggo!" in ji Auta.

"Ke, manya na magana."

Sista ta yi murmushi.

"An nema, Gwaggo. Har da mai mota."

"To me ya faru?"

"Wanda ya fi shi ya riga shi."

Gwaggo ta ja tsaki. "Haka kuke cewa dukanku. Mace ta mutu ba ɗa ba jika, a ce wai ta auri Allah."

"Ki duba yarinyar nan," Mama ta karɓe. "Ita ce za ta tashi kullum da ƙararrawa kamar akuyar kiwo? Wadda sai na kira ta sau uku take motsi? Ba ta da biyayya, ba ta iya shiru ba, ga son nama. Ku nemi wata. Ai akwai 'ya'yan da iyayensu suka gaji da ciyarwa."

"Ni ma ina son nama, Mama," in ji Sista.

Auta ta sunkuyar da kai. Dariya da kuka suka taso mata lokaci guda, ta haɗiye duka biyun.

Ana haka wani ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Mai Kemis ne na bakin titi, ya sha riga mai guga, rungume da katan ɗin lemo, yana zufa. Auta ta zaro ido. Gwaggo kuwa baki har kunne.

"Lale da angonmu! Shigo, ɗana, nan ma gidanku ne. Sista, ga wanda muka yi wa alkawari. Magana ta yi nisa, rana kawai ta rage."

Shirin da Gwaggo da Mama suka ƙulla ke nan. A lissafinsu, sistoci ba sa taɓa yarinyar da ta san namiji ya taɓa cewa yana sonta. Suna jin an ce saurayi, Sista za ta ɗauki jakarta ta ruga kamar ta ga maciji.

Sista ta juya ta dube shi da kyau.

"Sannu, ɗana. Kana sonta?"

"E to… ina so, Sista."

"Ka faɗa mata?"

"Na faɗa. Da daɗewa."

"Me ta ce?"

Ya share goshi. "Cewa ta yi in je in yi addu'a."

"Ka yi?"

"Ban samu zama ba, Sista. Kin san shago."

"Yaushe aka yi alkawarin?"

Ya kalli Gwaggo. Gwaggo ta kalli silin.

"Ni dai jiya aka ce in zo in zauna kawai, ba sai na yi magana ba."

Namiji ke nan. Tambaya biyar bai iya ɗauka ba, wai shi ne zai ɗauki gida.

Sista ta koma kan Auta.

"Ke fa? Kin so shi?"

Auta ta ɗago. Kunya ta kama ta, amma ba ta ɓoye ba.

"Na so shi, Sista. Har na fara tunanin labulen da zan ɗinka wa ɗakina. Amma duk ranar da na ce zan amsa masa, sai in kasa barci. Ranar da na ce masa a'a na yi kuka, kuma ranar na samu natsuwa."

"Madalla."

"Madalla kuma?" in ji Gwaggo.

"Ai wadda ba ta taɓa son kowa ba ita muke tsoro, Gwaggo. Me za ta bari? Ba mu san ko kira ne ya kawo ta ko gudu ba. Wannan ta ga ƙofa a buɗe, ta leƙa, ta juyo da ƙafarta. Kun taimake ni ƙwarai da kuka kawo shi."

Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Mai Kemis ya miƙe ya ce ya bar shago ba kowa. A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwayi katan ɗinsa, ya ga ba halin ɗauka, ya fita.

Gwaggo ta dire kofi har shayi ya fantsama.

"To wai ku ba abin da yake hana ku ne? Kowace kuka gani sai ku kwashe?"

"Akwai abin da yake hanawa."

"Faɗa mana mu ji."

"In tana da aure. In tilas aka yi mata. In tana da ciwon da ba za ta iya rayuwarmu ba." Sista ta ɗan dakata. "Sai kuma in akwai uwa ko uba da ba zai iya rayuwa ba sai da ita. Ba ma fizge sanda daga hannun mai dogarawa. Wannan na tambayi Auta tun farkon zuwanta, ta ce min babu."

Auta ta tuna ranar sarai. Ta ce babu, ta gaya wa kanta wai ba ƙarya ba ce tunda alkawari ta riƙe, wai kafin lokaci Allah zai kawo mafita. Mafita ba ta zo ba. Yayanta da yake can wani gari ko waya sai ya ga dama yake ɗauka.

Mama ba ta motsa ba. Sai yatsunta da suka damƙe bakin zani.

Gwaggo kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ta matso tana raɗa irin raɗar da ake ji har maƙwabta.

"Maman Auta, ciwon bayan nan naki fa?"

"Wane ciwon baya?"

"Wanda yake hana ki tashi mana."

"Bayana lafiya lau."

"To ƙafa. Ko suga. Ke dai ki ce wani abu! Kalma ɗaya fa, shi ke nan mun huta."

"Ki matsa, kina tofa min yawu."

"Wai ke wace irin mace ce? An ba ki wuƙa da nama kina girman kai. Ki ce jiri kike yi. Wa zai auna?"

Gwaggo na ta zuba, Sista ta hango hoton marigayi Baba a bango kusa da taga. Ta tashi a hankali, ta zagaya ta bayan kujeru ta tsaya tana dubawa. Irin tafiyar sistoci, ko ƙarar takalmi babu.

Auta ta gani. Ta yi tari.

"Mama…"

"Rufe min baki!"

"Mama, Sista ta…"

"Na ce ki rufe min baki!"

Mama ta miƙe tsaye, ta gyara zani, ta nuna kujerar kusa da ƙofa da yatsa.

"Ke Sista, kalle ni da kyau. Kalli idona. Na yi miki kama da mai dogara sanda? Na binne miji ban roƙi kowa ba. Na aurar da 'ya'yan mutane da ɗinkin hannuna, har rigar Fada ni nake yi. Ba na son 'yata ta shiga cikinku, na faɗa, zan kuma faɗa gaban kowa, don ban haife ta don ta tsufa cikin buhu tana wanke wa wasu kwanuka ba. Amma in jira kike in durƙusa miki in ce ba ni da lafiya, to ki gyara zama a kujerar nan, za ki daɗe. Kina ta yi min murmushi, kin ɗauka ban gani ba?"

Yatsan Mama yana nan a miƙe, yana nuna kujerar da ba kowa a kai.

Gwaggo ta kalli kujerar, ta kalli Mama.

"Maman Auta… da wa kike magana?"

"Ina nan bayanki, Mama," in ji Sista a hankali. "Wurin hoton maigida."

Mama ta sauke hannu. Da wata ce da tuni ta zube. Ita kuwa ko juyawa ba ta yi ba.

"Na sani. Ba ki kai in kalle ki ba ne."

Saura ƙiris ta sha da wannan. Amma Gwaggo ta taso a kan yatsun ƙafa, ta zo gabanta, ta kaɗa mata hannu a fuska. Ta sake kaɗawa. Idon Mama ko ƙiftawa bai yi ba.

"Na shiga uku! Yesu! Makancewa kika yi?"

"Gwaggo, don Allah," in ji Auta, hawaye na zuba.

"Tun yaushe? Kuma ke munafuka kin sani kika yi shiru? To wa yake ɗinkin? Ashe rigar da na kawo bara…" Sai ta tsaya. Fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. "To ai shi ke nan ma! Sista, kin gani da idonki. Makauniya ce. Magana ta ƙare, ɗauki jakarki."

Matar ɗan'uwanta ta rasa ido, ita abin da ta gani a ciki nasara ce. Allah wadaran naka ya lalace.

"Fitar min daga gida," in ji Mama.

"Ni? Ni da nake taya ki?"

"Kin san hanya, ke mai ido. Fita."

Gwaggo ba ta fita ba. Ta koma bakin ƙofa ta rakuɓe, don ba za a ƙarasa labari ba da ita ba.

Mama ta juya wajen taga. Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba.

"Sista."

"Na'am, Mama."

"Ki koma ki ce musu 'yata ba ta dace ba. Ki ce mai girman kai ce kamar uwarta. Ki ce malalaciya ce, ki ce duk abin da kika ga dama, zan gode miki. Amma kar ki kuskura ki ce makauniya ce ta riƙe ta."

"Ba zan iya faɗin abin da ba haka ba ne."

"To ku ɗauke ta."

"Mama!" in ji Auta.

"Ku ɗauke ta na ce. Na so ta zauna don ta ga dama, ko don kun ƙi ta. Ba zan zauna ana ba ni abinci a baki ana kallona ana cewa don ke na rasa. Gara in faɗa rijiya da a tausaya min. Zan rufe shagon, zan sayar da kekunan, ba ruwan kowa."

"Wa zai kai ki asibiti?" in ji Sista.

"Allahn da ya kira ta. Ba shi ne mai aikin ba? Ya zo ya kai ni."

Murmushin ya bar fuskar Sista. Ta dawo tsakiyar falo, wannan karon tana jan takalmi don a ji ta, ta tsaya gaban Auta.

"Kin zauna a gabana kin ce min babu."

"Na yi mata alkawari, Sista."

"Na gane. Amma gidan da kike son shiga da alkawari ake zamansa, kin ga dole in san me naki yake ɗauke da shi. Zan sake tambayarki, kuma abin da kika faɗa shi zan kai. Ba na Mama ba, ba na Gwaggo ba. Akwai wanda ba zai iya rayuwa ba in kin tafi?"

"Ce mata babu," in ji Mama.

Auta tana son gidan nan. Tana son ɗan ƙaramin ɗakin addu'arsu, da shirun safiya, da yadda zuciyarta take kwanciya da zarar ta shiga ƙofar. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar haka ba. Ta kuma san babu wata shekara bayan wannan.

"Ki ce babu, Auta. Ni na haife ki, ni na ce."

Auta ta share fuska da bakin ɗankwali.

"Akwai, Sista."

Gwaggo ta tafa hannu daga bakin ƙofa. Ba wanda ya kalle ta.

Mama ta ɗaga hannun dama sama, tafin a buɗe. Ta juya hagu, ta juya dama, tana lalube a iska.

"Ina kike?"

"Ga ni, Mama."

"Matso in mare ki."

Auta ta matso.